Yarinyar da ke rufe keke da kiran magariba

Duk wadda ta san aikin ɗinki a Kumashi, a ƙasar Ghana, ta san Juma'a da yamma ba lokacin wasa ba ne. Asabar ranar makoki ce a ƙasar Tonawa, wato mutanen Asante, kuma makokinsu ba irin na maƙwabtanmu Musulmi na zango ba ne da za a rasu da safe a binne kafin la'asar, a'a, su sai gawa ta yi wata da watanni a mochari, an buga fosta, an fitar da anko baƙi da ja, ko fari da baƙi in mamacin ya tsufa sosai, kuma kowa a dangi sai ya ɗinka sabo. Toh duk wannan kayan a kan wa yake ƙarewa, a kanmu masu keke. Kostoma za ta kawo miki yadi ranar Laraba ta ce Madam Asabar da asuba nake so, in kika ce ba zai yiwu ba ta ce ai shagon gaba za su yi, ke kuma kina tuna kuɗin haya sai ki karɓa.

Shagona a Asawase yake, 'yan koyo huɗu gare ni. Ni Kirista ce, a zango aka haife ni, babanmu daga wajen Bawku ya zo, Hausa muke yi a gida da ita muke addu'a, har yau Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya bari yana wurina bangon duk ya ɓare na naɗe shi da ƙyallen atamfa. Biyu cikin yaran Musulmi ne 'yan Aboabo, ɗaya ƙarama 'yar dangi ce da aka kawo min daga arewa tana kwana a gidana, ta huɗun kuma ita ce dalilin wannan rubutun. Ba zan faɗi sunanta ba, a shago 'yar Asabar muke ce mata, Batoniya ce amma a cikinmu ta tashi, in tana Hausa ba za ka ce ba 'yar zango ba ce. 'Yar cocin SDA ce, masu sujada ranar Asabar.

Ranar da aka kawo ta babanta ya faɗa min tun a bakin ƙofa, ya ce Madam daga faɗuwar rana ranar Juma'a zuwa faɗuwar rana ranar Asabar ba za ta taɓa allura ba, na ce ba komai Baba, a zuciyata kuwa na ce yarinya ce in ta ga yadda kasuwa take za ta sauko. Ashe ni ce ban san dawan garin ba.

Wata Juma'a muna da kaba da siket har goma sha huɗu na gida ɗaya, an ɗauke wuta tun sha ɗaya na safe ba a dawo da ita ba sai wajen huɗu, wankin hula dai ya kai mu dare. Ita ce ta fi kowa hannu wajen saka zif, na tara mata guda shida a gefen keke, ta gama biyu tana kan na uku sai ladanin masallacin bayanmu ya kwaɗa kiran magariba. Ina kallonta ta ɗaga ƙafa daga keke, ta yanke zare, ta ninke rigar da rabin zif a jiki, ta share teburin da tafin hannu, ta ɗauko zanin da muke rufe keken ta rufe. Ka ji fa, 'yar coci amma ladan ne agogonta, tunda a nan rana wajen ƙarfe shida take faɗuwa rani da damina, kuma babu wanda ya kai ladan kula da faɗuwarta. Na ce ke, ina za ki? Ta ce Madam ki yi haƙuri rana ta faɗi. Na ce rana ta faɗi a kan zif huɗu? Ta ce in Allah ya kai mu gobe da magariba zan dawo in kwana a kai. Na ce gobe da magariba an riga an binne tsohon an cinye shinkafar.

Na faɗi maganganu a daren nan waɗanda ba zan rubuta su a nan ba, har da cewa ni ma Kirista ce tun kafin a haife ta. Ba ta ce uffan ba, ta durƙusa ta ce sai da safe Madam, ta ɗauki jakarta. Ni da sauran ukun muka kai ƙarfe biyu na dare.

Ranar Lahadi bayan na dawo coci sai ga babanta, dattijo ne a cocinsu, tsohon makanike a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumashi, yana jin Hausa sosai. Na zaci faɗa ya zo, ashe haƙuri ya zo bayarwa, amma haƙurin da Baibul a hammata. Ya ce 'yata zauna in tambaye ki, dokoki nawa Allah ya rubuta da yatsansa a kan dutse? Na ce goma. Ya ce kada ka yi kisa tana nan? Na ce tana nan. Kada ka yi sata, kada ka yi zina? Suna nan. Ya ce toh yaya aka yi tara suna nan, guda ɗaya tak wadda ta fara da "ka tuna" ita ce kuka manta? Ya buɗe Fitowa 20:8-11 ya karanta, ya koma Farawa 2 ya ce tun babu Bayahude ko ɗaya a duniya Allah ya huta a rana ta bakwai ya tsarkake ta, ya je Luka 4:16 inda Yesu ya shiga majami'a ran Asabar kamar yadda ya saba. Sannan ya kawo wadda Tonawa suke ji da ita, ya ce mu tun kafin Bature ya zo da Baibul muna kiran Allah Onyankopon Kwame, Kwame kuwa sunan namijin da aka haifa ran Asabar ne, kamar ku ce Ɗan'asabe, Baturen da ya zo yana sujada ran Lahadi shi muka sa wa Kwasi Broni, wato Ɗanladi farar fata. Ya ce sarkin Rum Kwanstantin ne ya canza ranar a shekara ta 321, ba Yesu ba.

Gaskiya a lokacin ban da amsa, shayi kawai na haɗa masa. Kuma na gane dalilin da ya sa cocin nan da aka kafa a Amurka a 1863 ya samu gindin zama haka a ƙasar Asante, ga makarantunsu a Agona da Bekwai tun zamanin Turawa, ga asibitinsu a Kwadaso, mutumin da kakansa yake kiran Allah Kwame ba sai an sha wuya wajen gaya masa Asabar ta Allah ce ba.

Washegari ina ba Malam mai sai da zare da maɓalli na kusa da mu labari, na ce ni yanzu har na fara ruɗewa wai wace ce ma rana ta bakwai, kalandar wayata da Litinin take farawa. Ya yi dariya ya ce Maman yara ai ku masu jin Hausa bai kamata ku ruɗe ba, Lahadi daga ahad take wato ɗaya, Litinin biyu, Talata uku, Laraba huɗu, Alhamis biyar, Juma'a ranar taruwa, Asabar kuma sabt, ita ce ta ƙarshe, lissafin yana cikin bakinku kuna faɗinsa kullum. Ya ce mu kuma tamu daban ce, Juma'a ba ranar hutu ba ce, an ce in an yi kiran salla a bar ciniki a tafi, in an idar a watsu a nemi arziki, shi ya sa kike gani ƙarfe biyu na sake buɗe shago. Toh wannan ta wuce, ba na musu da kowa a kai, rana ta bakwai Asabar ce, duk mai ce maka Lahadi ce ta bakwai bai iya ƙirga ba.

Abin da ya rage shi ne, dokar tana kaina ni da ba Bayahudiya ba, ko ba ta kaina? Na yi makonni ina karatu da dare, fastonmu ya ara min wani littafin tarihin ikkilisiya, kuma ga inda na tsaya, wanda bai yarda ba ba faɗa.

Na farko da ya tsaya min shi ne Ayyukan Manzanni 15. Ainihin rigimar nan ce aka yi a Urushalima, al'ummai suna ta ba da gaskiya, wasu suka ce dole a yi musu kaciya su kiyaye Shari'ar Musa, manzanni suka zauna, Bitrus ya yi magana Yakubu ya yanke, aka rubuta wasiƙa aka ce abu huɗu kawai za su guje wa, abin da aka yanka wa gumaka, jini, dabbar da aka maƙure, da fasikanci. In Asabar wajibi ce a kan Bahelenen da bai taɓa kiyaye ta ba a rayuwarsa, bawa ne ma wataƙila a gidan wani, ai nan ne wurin faɗa, ba a faɗa ba. Bulus kuma wanda ba ya ɓoye laifin kowa, ya yi wa Korantiyawa tas a kan maye da fasikanci da kai juna kotu, ko sau ɗaya bai tsawata wa wata ikkilisiya don ta karya Asabar ba. Abin da ya ce ma a Romawa 14:5 shi ne wani yana ɗaukaka wata rana fiye da wata, wani kuma duk ɗaya ne a wurinsa, kowa ya tabbata a zuciyarsa. A Kolosiyawa 2:16-17 ya fito fili ya ce kada kowa ya hukunta ku a kan ci ko sha ko idi ko tsayuwar wata ko Asabar, inuwa ce ta abin da ke zuwa, ainihin kuwa Almasihu ne. Na san amsar su Baba, suna cewa Asabar ɗin bukukuwa ake nufi ba ta mako ba, amma ni in na karanta sai in ga jeri ne, na shekara, na wata, na mako, in ka ce ta ƙarshen ma ta bukukuwa ce kenan ya faɗi abu ɗaya sau biyu. Ga kuma Fitowa 31 inda Allah da kansa ya kira Asabar alama tsakaninsa da Isra'ilawa. Kuma in za a ɗauke ta yadda aka ba Musa sai a ɗauka duka, Fitowa 35:3 ta hana hura wuta a gida, a Littafin Ƙidaya 15 mutum itace kawai ya je tsinta aka jajjefe shi har ya mutu, yau babu cocin da ke yin haka, kowa dai ya zaɓi iya inda zai iya.

Maganar Kwanstantin kuwa rabinta gaskiya ne. E, a 321 ya yi doka a huta ran Lahadi, alƙalai da mutanen gari da masu sana'a, kun ga har da mu teloli, amma ya bar manoma su je gona. Sai dai ba shi ya fara tara Kirista a ranar ba, tun wajen shekara ta 150 wani Kirista a Rum mai suna Jastin, wanda daga baya aka kashe shi saboda bangaskiya, ya rubuta cewa ran Lahadi suke taruwa na birni da na ƙauye, a karanta rubutun manzanni da annabawa, a yi addu'a, a ci gurasa, a tara gudummawar marayu da gwauraye, saboda ranar ce Yesu ya tashi. Tun a Ayyukan Manzanni 20:7 ma ana ganinsu a Taruwasa ranar farko ta mako, da 1 Korantiyawa 16:2 inda aka ce a riƙa ware baiko a ranar.

Amma fa mutanenmu na Lahadi ma kada su yi saurin tafi. Na duba na duba ban ga ayar da ta ce an ɗauke Asabar an mai da ita Lahadi ba, babu ita. Kiristocin farko Lahadi ranar aiki ce a wurinsu, su taru da sassafe ko da dare, shi ya sa nake tausayin saurayin nan na Taruwasa da barci ya kwashe shi a taga Bulus yana ta wa'azi har tsakar dare ya faɗo daga hawa na uku, ni dai zatona wuni ya yi yana aiki. Saboda haka mai cewa wanda ya wanke kaya ran Lahadi ya karya doka ta huɗu, shi ma ƙari ya yi. Mutanen Habasha kuwa da suka ga abin zai raba musu coci sai suka riƙe duka biyun, Asabar da Lahadi, har yau. Masu wa'azin lasifika a kasuwar Kejetia da cikin tiroro, motocin haya na gari, da ke cewa duk mai zuwa coci ran Lahadi ya karɓi alamar dabba da ke cikin littafin ƙarshe na Baibul, wannan kam ba na ko tsayawa saurare, babana da Lahadi ya yi sujada har ya koma ga Allah kuma ban ga dabba a goshinsa ba.

Toh da a nan na tsaya da na ci gardama na koma kan kekena da fahariya. Matsalar ita ce dokoki goman nan sau biyu aka rubuta su, kuma ni ta Fitowa kawai na sani. Wani dare ina neman wata aya daban sai na faɗa Maimaitawar Shari'a 5:12-15, dokar Asabar ce dai amma dalilin ya canza, a nan ba a ce don Allah ya huta bayan halitta ba, cewa aka yi kada ka yi aiki, kai da ɗanka da 'yarka da bawanka da baiwarka da sanka da jakinka da baƙon da ke gidanka, domin bawanka da baiwarka su huta kamar kai, ka tuna kai ma bawa ne a Masar. Na karanta "kamar kai" ɗin nan ya fi sau biyar. Sai na lura da wanda ake yi wa maganar, ba bawan ba ne, shi ai ba ya da ikon cewa yau na huta, mai gida ake wa magana, mai jaki, mai keke huɗu a shago.

Ina zaune a bakin gado, ƙaramar nan 'yar arewa tana kwance a tabarma ko zanin rufa ba ta ja ba barci ya ɗauke ta, da tef ɗin awo a wuya. Na fara ƙirga mata kwanaki. Litinin zuwa Asabar shago, ita ke buɗewa ta share ta hura gawayin guga kafin kowa ya zo. Lahadi ni in ci kwalliya in tafi coci, in ta bi ni mun dawo ita ce wanki na mako guda, ita ce tuwo, ita ce ɗebo ruwa in famfo bai zo ba, in kuma aiki ya taru in buɗe shago da yamma a rufe ƙofa rabi don kada 'yan coci su gani. 'Yan Aboabo biyun nan ma haka, Juma'a in ba su minti talatin su yi salla su dawo, Lahadi in kira su a waya in ce ku zo mu ƙarasa ai ku ba ranarku ba ce. Wata bakwai yarinyar nan tana gidana ban iya tuna rana ɗaya da ta tashi ba aiki a gabanta ba. Laifi tudu ne dai. Ina ta haƙilon tabbatar wa 'yar Asabar cewa doka ba ta kaina, alhali a shagon gaba ɗaya ita kaɗai ce ke samun hutu, kuma ba ni na ba ta ba, ƙwata ta yi.

Abin haushin ni ma na sha irin wannan. A unguwar Nima na koyi aiki a Ankara babban birnin Ghana, shekara uku, Madam ɗinmu ran Lahadi sai mun je gidanta mun daka mata sakwara mun wanke kayan 'ya'yanta, ina tuna wata rana ina guga na yi gyangyaɗi dutsen ya ƙona ni a hannu tabon yana nan, na rantse a raina in na samu nawa shagon ba zan yi wa 'yar kowa haka ba. Ga shi nan kuwa.

Kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, manomin Asante ba ya shiga gona ran Alhamis saboda Asaase Yaa, uwar ƙasa a addininsu na gargajiya, masunta a bakin teku a Ankara ba sa fita ran Talata, mutanen da ba su karanta Musa ba ma sun san ƙasa da ruwa suna son a ɗaga musu ƙafa. Mu 'yan birni ne muka zama ba dare ba rana, je ka Kejetia ka ga yaran nan kayayo masu dako da kwano a ka, ka tambayi ɗaya yaushe rabonta da hutu. Yesu da ya warkar da matar nan da ta yi shekara 18 a tanƙware ran Asabar, shugaban majami'a ya yi fushi, amsar da ya ba shi ita ce ku ba kuna kwance sa da jaki ku kai su shan ruwa ran Asabar ba, wannan ba za a kwance ta ba? Shi kwancewa ya gani a ranar. Ya kuma ce an yi Asabar domin mutum ne ba mutum domin Asabar ba, ni da ina jin ayar a matsayin lasisin buɗe shago, ban taɓa tambayar wane mutumin ba.

Yanzu dai ga yadda muke. Lahadi kwaɗo a ƙofa, ko gawar sarki za a binne. Ƙaramar in mun dawo coci ba mai aikenta, satin farko ta kasa zama sai kewaya take tana neman tsintsiya, sati na biyu ta yi barci har la'asar, ni na wanke tukwane ina ta mita ni kaɗai. 'Yan Aboabo Juma'a sha biyu suke tashi, in akwai kayan makoki sosai su dawo da yamma in biya su daban. Kayan Asabar kuma na daina karɓa bayan Talata, na rasa kostoma biyu a kan haka, ɗaya har da zagi a WhatsApp, kuɗin ya ragu ba zan yi ƙarya ba.

Ni da baban 'yar Asabar har yau ba mu daidaita ba, shi yana nan a kan cewa ina karya doka ta huɗu duk mako, ni ina nan a kan cewa ba a ɗora min ranar ba. Zaɓen 7 ga Disamba 2024 da ya faɗo ran Asabar, cocinsu ya roƙi a canza rana ba a canza ba, ana rufe rumfa ƙarfe biyar rana kuma ba ta faɗi ba, daga shi har 'yar ba wanda ya dangwala, na ce Baba ƙuri'a ma aiki ce? ya ce 'yata ke dai je ki zaɓa mana na kirki.

Ita kuma saura mata wata biyar ta gama, har ta fara tara kuɗin keke. Juma'ar da ta wuce ladan ya kira, tana rufe keke na ce toh 'yar Asabar, in kin buɗe naki shagon a garin nan na makoki, wa zai riƙa saka miki zif daren Juma'a? Ta gyara jaka a kafaɗa ta ce Madam ai ke zan riƙa turo wa.